Fitowa 55 Cikin Shekara 13: Yadda Wani Mai Zane Ya Tsallake Rugujewar Kasuwar Labaran Zane a Amurka

Lamarin da ake nazari

Wannan nazari ya shafi Jeff Smith, mai zanen labarai ɗan Amurka kuma mai labarin Bone, wanda ya ƙi sayar wa kowane kamfani haƙƙin mallakar labarinsa, ya zaɓi ya rubuta, ya zana, ya biya maɗaba'a, sannan ya nemi masu saye da kansa. A can labaran zane kashi biyu ne. Akwai na manyan kamfanoni irin su Marvel da DC, waɗanda galibinsu labaran jarumai ne masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, kamfani ne ke da su, masu zanen kuwa ana biyansu ne a kan kowane shafi. Akwai kuma na masu zaman kansu, inda mutum ɗaya kan ɗauki nauyin komai, aikin kuma ya zama nasa. Mai zanen nan yana cikin kashi na biyu. Matsalarsa ita ce yadda labari mai shafi sama da 1,300 zai isa hannun masu karatu, alhali hanyar da ya tarar an shimfiɗa ta ne domin wani irin kaya daban, kuma hanyar ta rufta yana tsakiyar tafiya.

Asali: 1960 zuwa 1986

An haife shi a 1960, ya tashi a Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo. Tun yana ƙaramin yaro yake zana wasu ƙananan halittu farare, masu santsin kai da ƙaton hanci, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙin aikinsa. Da ya shiga Jami'ar Jihar Ohayo, ya riƙa zana gajeren labari a jaridar ɗalibai daga 1982 zuwa 1986, kuma yawancin waɗanda suka fito a babban labarinsa a nan suka fara bayyana. Jami'ar tana da ɗakin ajiyar zane-zanen barkwanci da aka kafa a 1977, inda ya sami damar duba ainihin takardun da manyan masu zane suka yi aiki a kansu.

A 1986 shi da abokansa biyu suka buɗe kamfanin zane mai motsi a Kolumbus, suna yin tallace-tallacen talabijin da ƙananan kwangiloli na finafinai. A nan ya koyi abu biyu da suka yi masa amfani daga baya: yadda ake raba motsi ɗaya zuwa hotuna da yawa har mai kallo ya yi dariya a daidai inda ake so, da kuma yadda ake tafiyar da ƙaramin kamfani mai biyan albashi da haya.

Ƙoƙarin farko: jaridu, 1986 zuwa 1990

Burinsa na farko shi ne ya shiga jaridun ƙasa. A Amurka mai zane ba ya kai wa kowace jarida aikinsa da kansa. Akwai kamfanonin da ke karɓar zanen su sayar wa ɗaruruwan jaridu a lokaci ɗaya, su raba kuɗin da mai zanen. Ya aika musu da aikinsa, wasu sun nuna sha'awa, aka yi ta tattaunawa, amma kowane zama sai a zo masa da gyare-gyaren da za su sauya labarin ya koma barkwancin layi huɗu da ke ƙarewa a rana ɗaya. Bayan haka, al'adar kwangilolin wancan zamani ita ce kamfanin ya riƙe mallakar zanen, ta yadda idan aka saɓa zai iya ɗauko wani ya ci gaba da shi.

A watan Oktoba na 1989, Bill Watterson, wanda a lokacin yake cikin masu zanen jarida mafi farin jini a ƙasar, ya yi jawabi a wani taro a wannan jami'a ta Ohayo, ya soki yadda jaridu ke ta rage wa zane fili da yadda kamfanonin ke mallake aikin da ba su ƙirƙira ba. Mai zanen da muke bibiya ya sha ambaton wannan jawabi cikin abubuwan da suka sa ya janye daga neman shiga jarida. Wannan ƙofa ta rufe ba tare da an sa hannu a kan komai ba.

Kasuwar da ya shiga a 1991

Sai an fahimci tsarin kasuwar kafin a fahimci sauran lamarin. Tun daga shekarun 1970 aka fara rage dogaro da masu sayar da jarida wajen sayar da labaran zane, aka koma ga shaguna na musamman waɗanda ba su sayar da komai sai su. Mai wallafawa zai sanar da fitowarsa, wato 'yar mujallar da ke ɗauke da wani ɓangare na labari, a cikin kundin oda na dillali wata biyu ko uku kafin ta fito. Mai shago zai duba kundin ya rubuta adadin da yake so, dillali ya tara odar ya miƙa wa mai wallafawa, shi kuma ya buga daidai abin da aka nema da ɗan ƙari. Sharaɗin da ya riƙe tsarin gaba ɗaya shi ne ba a mayar da kaya. Abin da mai shago ya saya ya zama nasa, ko ya sayar ko ya yi kwantai, kamar ɗan kirin da ya sari tumatir.

Wannan sharaɗi shi ne ya ba mai ƙaramin jari damar shiga, domin ya san adadin da aka saya tun kafin ya je maɗaba'a. Amma shi ne kuma ya sa mai shago ya zama mai tsoron sabon suna, musamman aikin baƙi da fari, saboda a 1986 da 1987 an yi ambaliyar irin waɗannan littattafai marasa inganci, shaguna da yawa suka tashi da kwalaye cike da kayan da ba mai so. Ga kuma lissafin kuɗi: dillali kan karɓi kaya daga ƙaramin mai wallafawa da rangwamen kimanin kashi 60 cikin 100 na farashin bango. Littafin da aka rubuta wa dala 2.95, abin da zai shiga hannun mai shi bai wuce dala 1.18 ba, kuma daga ciki zai biya bugu da jigila.

A shekarun da ya shigo, kasuwar tana cikin wani irin zazzaɓi. Mutane na sayen fitowar farko ta littattafai da yawa su rufe a leda ba tare da sun karanta ba, suna jiran farashi ya tashi. Wani littafin Marvel na 1991 ya sami odar sama da kwafi miliyan 8. Shaguna suka yawaita, kuɗi na yawo, sai dai kusan dukkansa yana tafiya ne ga jarumai masu launi.

Shekarar farko: Yuli 1991 zuwa ƙarshen 1992

Fitowa ta farko ta bayyana a watan Yuli na 1991, baƙi da fari, a kan dala 2.95, da niyyar a riƙa fitar da sabuwa duk bayan wata biyu. Labarin wasu 'yan uwa uku ne cikin fararen halittun nan, waɗanda aka kora daga garinsu saboda haɗamar ɗaya daga cikinsu, suka ɓata a hamada, garken fara ya raba su, suka faɗa wani kwari inda suka haɗu da wata budurwa da kakarta, da wasu dodanni masu kama da ɓeraye. Ya fara da raha, kuma mai karatu na farko ba zai yi zaton cewa yaƙi da sarauta da tsohuwar gaba ne ke jiran sa a gaba ba.

Odar farko ba ta da yawa, kuma fitowar da suka biyo baya sun yi ƙasa da ita. Haka abin yake ga kusan kowane sabon littafi a wannan tsari, domin mai shago yakan yi odar fitowa ta biyu da ta uku tun kafin ya ga yadda ta farko ta yi a kan kanta, don haka sai ya rage saboda kariya. Littattafai da yawa a nan suke mutuwa. Sanarwa a kundin dillali kaɗai ba ta ɗaga komai ba.

Abubuwa uku suka faru a wannan tsakani. Na farko, ya fara zuwa tarukan masu shaguna da na dillalai da kansa, yana miƙa musu littafin su karanta, tunda su ne masu sayen gaskiya a wannan tsari. Na biyu, jaridar mako-mako ta masu wannan sana'a ta yaba aikin, sannan wani mai zane ɗan Kanada da ya daɗe yana wallafa nasa labarin tun 1977 ya buga wani yanki na aikin a cikin nasa littafin a 1992, ya gabatar da shi ga masu karatun da suka riga suka saba da baƙi da fari. Na uku, a 1992 ya sayar da kasonsa na kamfanin zane mai motsi ya koma ga labarin kacokan, matarsa kuma daga baya ta bar aikinta a fannin kwamfuta a Kalifoniya ta karɓi ragamar kamfanin wallafar: lissafi, hulɗa da maɗaba'a da dillalai, da kwangilolin fassara. Oda ta daina sauka, ta fara hawa.

Sauya kaya: 1993 zuwa 1994

Da masu karatu suka ƙaru, sai wata sabuwar matsala ta fito. Wanda ya ci karo da fitowa ta takwas ya so ta, ba shi da hanyar samun ta farko sai a farashin masu ajiya. Labarin jarumi ana iya shiga cikinsa a ko'ina, wannan kuwa labari ne guda mai farko da ƙarshe.

Ya bi matsalar ta hanya biyu. Ya riƙa sake buga tsofaffin fitowa duk lokacin da suka ƙare, har fitowa ta farko ta sha bugu sau da yawa. Sannan a 1993 ya tara fitowa shida na farko a littafi ɗaya mai kauri, ya ƙudurta cewa littafin ba zai taɓa yankewa a kasuwa ba. Wannan ya saɓa wa al'adar shagunan, waɗanda wani ɓangare na ribarsu yana zuwa ne daga tsadar tsofaffin fitowa. Abin da ake iya samu kullum ba ya tsada. Amma ga mai wallafawa lissafin ya bambanta. Ƙaramar fitowa tana da kwanaki kaɗan a kan kanta kafin ta makon gaba ta ture ta, littafi mai kauri kuwa ana odarsa a bana, a sake a baɗi, kuma aikin zanen an riga an yi shi sau ɗaya.

A 1993 ya karɓi kyautar Eisner ta farko, wadda ita ce babbar lambar yabo a wannan fanni, a 1994 ya ƙara wasu. A shekarar 1994 ɗin kuma mujallar yara ta Disney Adventures, wadda a lokacin ake sayarwa a manyan kantunan cefane, ta buga wani ɓangare na labarin. Wannan ne karo na farko da aikin ya isa hannun yaran da ba su taɓa taka shagon labaran zane ba.

Rikicin dillalai: 1995 zuwa 1997

Zazzaɓin masu ajiya ya sauka daga 1993, lokacin da suka gane cewa abin da aka buga miliyoyinsa ba zai taɓa yin tsada ba. Shaguna suka fara rufewa. Ana cikin haka, a ƙarshen Disamba 1994, Marvel ya sayi wani matsakaicin dillali mai suna Heroes World, ya sanar cewa daga tsakiyar 1995 ta nan kaɗai za a sami kayansa.

Wannan mataki ya taɓa kowa. Sauran dillalai sun wayi gari an cire musu kimanin sulusin cinikinsu. Manyan biyu, Diamond da Capital City, suka shiga rige-rigen ƙulla yarjejeniyar keɓancewa da sauran kamfanoni. DC ya sa hannu da Diamond a 1995, kamfanonin wallafa na Image da Dark Horse suka bi sahu. Capital City ya sami wasu ƙananan kamfanoni, amma bai isa ya riƙe shi ba, a 1996 Diamond ya saye shi. Mai shago kuma ya shiga tsaka mai wuya, domin rangwamen da yake samu ya danganta ne da yawan odarsa a wurin dillali ɗaya. Da aka tilasta masa raba oda gida biyu, sai rangwamen ya ragu a duka ɓangarorin, kuɗin jigila ya ninka. Heroes World bai iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa ba, kaya na makara, lissafi na rikicewa. A Disamba 1996 Marvel ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, a 1997 aka rufe Heroes World, Marvel ya koma wurin Diamond. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne shagunan sun ragu daga kusan 10,000 zuwa kimanin 4,000 cikin 'yan shekaru. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta binciki ko Diamond ya mamaye kasuwa ba bisa ƙa'ida ba, ta rufe binciken a 2000 ba tare da ɗaukar mataki ba.

Ga mai wallafa littafi ɗaya tak, haɗarin iri biyu ne. Idan dillali ya durƙushe da kuɗinka a hannunsa, ka bi layin masu bin bashi, kuma ba kai ne a gaba ba. Sannan a kundin Diamond, kamfanonin da suka yi yarjejeniyar keɓancewa su ne ke shafukan gaba, sauran kuma a cunkushe a baya, inda mai shagon da jarinsa ya ƙare kafin ya kai rabin kundin ba ya isa.

Matakin da ya ɗauka shi ne ya kai labarin ƙarƙashin tambarin Image daga fitowa ta 21, a ƙarshen 1995. Image kamfani ne da wasu masu zane bakwai suka kafa a 1992 bayan sun bar Marvel, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya mallakar aikin da ya buga. Yana cire kuɗin hidimarsa, sauran na mai aikin ne. Da wannan ya sami shafukan gaba na kundin da kuma inuwar kamfanin da dillali ba zai yi wasa da kuɗinsa ba. Image ya kuma sake buga tsofaffin fitowa da sababbin bangaye. Wasu daga cikin masu ra'ayin cewa dole mai zane ya tsaya da ƙafarsa sun ɗauki matakin a matsayin ja da baya. Ya yi fitowa bakwai a can, daga ta 21 zuwa ta 27. Da ƙura ta lafa a 1997, dillali ya zama ɗaya, sai ya dawo da labarin kamfaninsa daga fitowa ta 28 ba tare da shari'a ko fansa ba, tunda babu abin da ya sayar tun farko.

Ƙarasa labarin a kasuwar da ta tsuke: 1997 zuwa 2004

Kasuwar da ya dawo cikinta ta yi ƙanƙanta, kuma ƙananan fitowa ba su ƙara komawa matsayinsu na 1994 ba. Abin da ya riƙe kamfanin shi ne littattafan da aka tara, waɗanda aka sake tsara su bisa rabe-raben labarin har suka zama juzu'i tara, da kuma haƙƙin fassara da aka riƙa sayarwa ga masu wallafawa a Turai da sauran wurare. A 1997 da 1998 ya haɗa kai da wasu masu zane masu zaman kansu suka riƙa zagaya manyan taruka da rumfa ɗaya, suna tallata ra'ayin cewa a ajiye irin waɗannan littattafai a kan kanta kamar kowane littafi. Ɗakunan karatu na jama'a da na makarantu suka fara saye, kuma ma'aikatansu sun lura cewa juzu'an ba sa zama a wurinsu.

Jadawalin wata biyu bai tsaya daidai ba. An sami tsaiko a wasu lokuta, shi ya sa fitowa 55 ta ɗauki shekara 13. Ta ƙarshe ta fito a 2004. A shekarar ce kuma kamfaninsa ya buga labarin duka a littafi ɗaya, baƙi da fari, shafi sama da 1,300, a kan dala 39.95, farashin da bai kai rabin abin da mutum zai kashe wajen sayen juzu'i tara ba. Littafin ya ci kyautar Eisner a 2005, mujallar Time kuma ta sa shi cikin jerin labaran zane goma da ta fi yabawa.

Makarantu: 2005 zuwa 2009

Scholastic, kamfanin littattafan yara da ke kai kasuwar littattafai har cikin harabar makarantun Amurka, ya so buɗe sashen labaran zane mai suna Graphix, kuma ya zaɓi wannan labari ya zama na farko. An ba da shawarar a sa launi. Mai zanen ya yi jinkiri, domin ya tsara kowane shafi ne a kan nauyin baƙin tawada da farin takarda. Art Spiegelman, wanda labarin zanensa ya sami kyautar Pulitzer a 1992, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwa ya amince. An yi aikin launin a ƙarƙashin kulawarsa, ta hannun wani ma'aikacin kamfaninsa, aka fitar da juzu'i na farko a 2005, na tara a 2009.

Yarjejeniyar izinin bugawa ce, ba cinikin mallaka ba. Scholastic ya ɗauki juzu'ai tara masu launi, kamfanin mai zanen ya ci gaba da buga babban littafin baƙi da fari. Ciniki ya kai miliyoyi, masu karatu kuma suka sauya daga manya masu zuwa shagon musamman zuwa yaran firamare da na ƙaramar sakandare. Shiga makaranta ta zo da nata ƙalubalen. A 2010 wata uwa a jihar Minesota ta nemi a cire littafin daga ɗakunan karatun makarantu saboda akwai shan taba da giya da caca a ciki, kwamitin da ya duba ƙorafin ya bar shi. A 2013 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta sa shi na goma a jerin littattafan da aka fi kai ƙorafi a kansu a shekarar.

Abin da bai yiwu ba: fim, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2022

Sau uku aka yi yunƙurin mayar da labarin fim, sau uku abin ya watse. Da Nickelodeon, kamfanin talabijin na yara, aka fara a ƙarshen shekarun 1990, aka rabu a kan buƙatar a cusa waƙoƙin yayi da muryoyin yara. Kamfanin finafinai na Warner Bros. ya karɓi izini a 2008, aka yi shekaru ana rubutu ba a ɗauki komai ba. Netflix ya sanar da shirin zane mai motsi a 2019, ya soke shi a Afrilu 2022 lokacin da yake rage kashe kuɗi a wannan sashe.

Hukunci

Idan aka jera matakan, za a ga cewa biyu ne suka ɗauki nauyin sauran. Na farko shi ne shawarar 1993 ta tara labarin a littafi da hana shi yankewa. Ita ce ta raba kuɗin shigarsa da cinikin mako-mako, wanda shi ne ya rushe a 1995, kuma ita ce ta samar da abin da ɗakin karatu zai iya saya, tunda ba ɗakin karatun da zai ajiye 'yar mujalla mai shafi ashirin da ɗoriya. Ba don juzu'an sun riga sun nuna ƙarfinsu a hannun yara ba, da wuya Scholastic ya buɗe sabon sashe da su. Na biyu shi ne riƙe mallaka. Amfaninsa bai bayyana a shekarun farko ba, lokacin da kwangilar jarida za ta fi kawo kuɗi. Ya bayyana ne a 1997 da ya fita daga Image cikin sauƙi, da 2005 da ya iya raba launi da baƙi da fari tsakanin kamfanoni biyu. Komawa Image, wanda aka soka a lokacin, a ganina shi ne mataki mafi nuna fahimtar kasuwa a duk tarihin, domin ya bambance tsakanin mallakar aiki da mallakar tambarin da ke bango, ya saki na biyu na ɗan lokaci ya riƙe na farko.

Sai dai bai kamata a ɗauki lamarin a matsayin hujjar cewa duk wanda ya bi wannan hanya zai fita ba. Masu zane da yawa sun wallafa aikinsu da kansu a farkon shekarun 1990, sun riƙe mallakarsu kamar yadda ya riƙe, kuma mafi yawansu ba su kai 1997 ba. Yana da abubuwan da ba kowa ke da su ba: jarin da ya fito daga kamfanin da ya sayar da kasonsa, abokiyar zama da ta ɗauke masa harkar kuɗi ya sami lokacin zane, shekara uku na kasuwa mai albarka kafin rugujewa, da kuma labarin da yaro ɗan shekara tara zai karanta, abin da yawancin labaran masu zaman kansu ba su ne ba. Lamarin fim kuma ya nuna iyakar riƙe mallaka: ta ba shi ikon ya ce a'a, ba ta ba shi ikon ya sa wani kamfani ya kashe miliyoyin daloli ba.

Ayyukansa na baya sun ƙara fito da wannan iyaka. Daga 2008 zuwa 2012 ya wallafa wani labari na manya a fitowa 15, da kamfani ɗaya, da mallaka ɗaya, da ƙwarewar da ta ƙaru. Ya ci kyautar Eisner a 2014, amma bai kusanci yawan masu karatun na farko ba, domin kasuwar makarantu ba ta ɗaukar irinsa. Aikin da ya biyo baya ya fara sa shi a intanet kyauta a 2013, sannan a 2021 ya nemi kuɗin bugu kai tsaye daga masu karatu ta shafin tara kuɗi na Kickstarter. A wannan lokaci hanyar shagunan ita ma ta sake tsagewa: DC ya bar Diamond a 2020, Marvel a 2021, Image a 2023, kuma a Janairu 2025 Diamond da kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, ƙananan masu wallafawa da dama suna da kaya a rumbunansa.